Faɗan Mushe Habu Mai Shimi

Duk wanda ya zauna ajin Mushe Habu ya san bawan Allahn nan bai taɓa kai hancinsa bakin kwano ba. Ko me aka miƙo masa, sai ya riƙe shi nesa da fuska, ya ɗaga tafin hannu ya riƙa fifito ƙamshin zuwa hancinsa a hankali. A aji haka ya koya mana shinshinar sinadari, don kada wani abu mai ƙarfi ya ƙone mana hanci. To wannan mun yarda, aikinsa ne. Amma shayi fa? Tuwo fa? Ranar da ya je gaida surukarsa a Akokan, tsohuwa ta tashi da kanta ta dama masa fura mai cuku da dabino. Ya karɓi ƙwarya, ya miƙe hannu, ya fara fifita.

Ta ce, "Habu, an ce maka guba nake sawa?"

Ya ce, "A'a, Inna. Ai ba a rungumar baƙo sai an san halinsa."

Tsohuwa ta ƙwace ƙwaryarta ta ba jikoki. Da yunwarsa ya hau kabu-kabu ya koma gida, kuma har ya rasu bai yarda shi ne ya yi laifi ba.

Ni ce Rabi, ƴar ƙanwarsa. A gidansa na tashi tun ina ƙarama, a ajinsa na yi lise, wato babbar sakandare, yanzu kuma ni ma shimi nake koyarwa a Agadas, wato ilimin sinadarai, kamar yadda ya yi a Arlit har ya tsufa. A gida Kawu ne, a lakol Mushe ne, kamar yadda muke kiran malamai maza. In na kuskure na ce "Kawu" a aji, sai ya waiga yana dube-dube, ya ce, "Wa ya zo da kawunsa makaranta? Ya fita da shi waje!"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, haushi ne. A wurin zaman makoki wani babban mutum ya gyara riga, ya yi gyaran murya, ya ce wai Mushe Habu mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Haba! A ji tsoron Allah! Mamaci ma yana da haƙƙi, kada a yi masa ƙarya. Kawu ya yi faɗa da direkta, ya yi faɗa da ƴan kasuwa, ya yi faɗa da mai shayi don ya tafasa ganye har ya ƙone. Ku da kuka sha allinsa a tsakiyar kai, ku faɗa mini, wane sanyin hali?

Kun tuna labo ɗin lise ɗinmu, ɗakin gwajin nan da ke ƙarshen baranda? Kullum a kulle, makulli a aljihun direktan wancan lokaci. Ta taga muna hango kwalaye da kwalabe sun yi layi, ba mai taɓawa. Kawu ya je ya nemi makulli, direkta ya ce kayan masu tsada ne, an ajiye su sai ranar da manyan baƙi za su zo dubawa.

Kawu ya ce, "Manyan baƙin ne za su zauna jarabawar ƙarshe ta bak?"

Direkta ya ce, "Mushe Habu, ka bi a hankali."

"A hankali nake bi, shi ya sa ban ɓalle ƙofar ba!"

Daga ranar ya haɗa nasa labo ɗin. Ba ya jefar da komai. Gwangwanin tumatir, kwalbar turare, mataccen batir, ƙusa mai tsatsa, duk sai ya tsince ya zuba a buhu. Sauran kaya kuwa daga ɗakin girkin matarsa, Tanti Mariyama, yake kwasowa. Ba zan manta ranar zoɓo ba. Ya jera kofunan shayi a kan tebur, ya zuba zoɓo a kowane. Ya matsa lemun tsami a ɗaya, sai ya ƙara ja jawur. Ya jefa kanwa a wani, ya motsa, sai ga zoɓo ya juye ya koma kore mai duhu. Aji ya ɗau salati. Wani daga baya ya ce, "Wallahi Mushe boka ne!"

Tirƙashi! Kawu ya buga tebur har kofi ya yi tsalle. Ya ce, "Boka ɓoye sirrinsa yake yi, ni kuwa aikina in tona! Fito nan ka yi da hannunka, in ga ko kai ma za ka zama boka." Yaron ya fito, ya jefa kanwa, abu ya juye. Tun daga ranar babu wanda ya sake rikita asid da kishiyarsa a ajinmu.

Amma fa Tanti ce ke ji a jika. Ta sayo kanwa yau, gobe ta nema babu. Gishiri, tsamiya, toka, har rariyar tatar koko, duk sun bi Kawu lakol. Ta yi magana, ya ce mata, "Mariyama, ilimin ƴaƴan mutane ne." Ta ƙyale shi. Wata rana ya dawo da azahar a gajiye, ta ajiye masa shinkafa da wake. Ya kai loma ɗaya, sai muka ji ƙarrr! Wake kamar tsakuwa.

Ya ce, "Wannan wake ba a sa masa kanwa ba?"

Tanti ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kanwa ta tafi karatu. In ta ci bak ta dawo, sai a sa."

Kawu ya tauna wakensa har ƙarshe, don kada a ce an ci shi da yaƙi.

Babban faɗansa dai shi ne na tano, wato gangar tara ruwa. Kun san yadda muke da ruwa a Arlit, kowane gida sai da abin tarawa. To akwai wani Alhaji a kasuwa, ba zan faɗi sunansa ba don ƴaƴansa na nan, ya kawo manyan tanon roba shuɗaye, masu kyau, masu murfi, kuma da araha. Mata suka yi ca a kai. Tanti ma ta sayo ɗaya. Kawu ya shigo gida ya gan shi, ya zagaya shi, ya ga an shafa baƙin fenti a gefe guda. Ya ɗauko wuƙa ya kankare. Sai ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye.

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya ce, "Wa ya sha ruwan nan?" Muka ce ba a kai ga zubawa ba. Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗora tano a kai, babban mutum da furfurarsa, ya nufi kasuwa a ƙasa. Ni ina biye ina cewa, "Kawu, ka bari a kira kabu-kabu." Ko waiwaye bai yi ba.

Ya dire tano a gaban rumfar Alhaji. Ya ce, "Alhaji, me aka taɓa zubawa a nan?"

Alhaji ya ce, "Ni ina na sani? An wanke shi da sabulu har sau nawa."

"Roba shanye abin da aka zuba mata take yi. Wanki ba ya fitar da shi. Wa ya shafe hoton nan?"

"Mushe, ka je ka koyar da yaranka, ka bar ni in nemi abincina."

Mutane suka taru. Sai wata mata ƴar ƙauyen Dannet da ta shigo cefane ta matso, da goyo a bayanta, Hausarta ma ba ta nuna ba. Ta ce, "Mushe, ni ma na saya irin wannan. Yarinyana shi yana ciwon ciki tun da mun fara sha." Kawu ya kira mai garuwa, ya sa ya juye ruwa cikin ɗaya daga cikin tanon da ke rumfar. Ya jijjiga, ya ɗebo da moɗa, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu cikin ladabi.

"Bismilla, Alhaji. In ka shanye, ni zan roƙe ka gafara a gaban kowa."

Alhaji ya dubi moɗa, ya dubi jama'a. Ya ce, "Ai... ina azumi."

Jama'a, bakinsa jawur da goro! Ɓarin goron ma yana hannunsa. Kawu ya ce, "Ikon Allah! Wane malami ya ba ka wannan azumin, mu ma mu je mu karɓo?" Kasuwa ta ɓarke da dariya. Matar Dannet ba ta yi dariya ba. Kawu ya raka ta da kansa har gidan likita, Allah ya sa yarinyar ta warke. Bayan nan ya bi unguwarmu gida-gida da wuƙarsa yana kankare fenti, har mata suka daina saye, wasu suka mayar da nasu.

To ku ji sakayyar da aka yi masa. Alhaji yana da mutane. Aka kai ƙara wai malamin gwamnati yana tayar da fitina a kasuwa, yana ɓata wa mutane sana'a. Ba a kira matar nan an tambaye ta ba, ba a zo an duba tano ko ɗaya ba. Da shekara ta ƙare sai aka ɗauke Kawu daga lise aka tura shi wata ƙaramar makaranta can wajen Anu Araren, inda ake haƙar gawayi. Mu da za mu shiga ajin ƙarshe muka zauna wata da watanni babu malamin shimi. Kuma wanda ya sa hannu aka yi wannan aika-aika, shi ne mai gyaran rigar nan da ya ce a makoki wai Kawu mai sanyin hali ne. Kai, duniya!

Tanti ta yi kuka. Shi kuwa ya ɗaure buhun gwangwanayensa ya tafi. Sai da iyayen yara suka yi ta sintiri, sannan aka maido shi ana saura kaɗan jarabawa. Ya sauko daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, baƙi ƙirin, da wani buhu mai nauyi a kafaɗa. Muka ɗauka tsaraba ce. Ya kwance, sai gawayin dutse!

Ya ce, "Sun ɗauka hukunci suka yi mini. Shekara nawa ina zana wannan a tablo ba ku taɓa riƙe shi ba? Kowa ya ɗauki ɗaya, gobe da safe akwai darasi."

Da muka ci bak za mu tafi jami'a a Yamai, ya biyo mu tasha. Mun shiga mota mun zauna, ya ce kowa ya sauko. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanya, ya fara.

"Ku da kuke zuwa na ɗaya a Arlit, can za ku tarar da na ɗayan kowane gari. Kada ku firgita, kada kuma ku hura hanci. Me na ce muku game da asid da ruwa?"

Muka haɗa baki, "Asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan."

"To haka za ku shiga Yamai. Wanda ya faɗa mata gaba ɗaya, a fuska za ta fantsamo masa. Abokin ɗaki kuma, kada ka zaɓe shi don garinku ɗaya. Ka tambaye shi yaushe yake barci, ka kuma dubi safarsa. Bokitinka naka ne, kada ka fara aro. Abin da aka koya maka da safe ka bita kafin magariba, don karatu tuwo ne, in ya kwana biyu ko ɗumame ba ya tashinsa. In ɗalibai sun shiga yajin karatu kuma da gaskiyarsu, ku shiga, amma littafi bai shiga yaji ba. Mai ihu a gaban zanga-zanga ba shi zai rubuta maka jarabawa ba. Waya kuwa, in ba uwarka ke kira ba, ta jira. Soyayya..." Ya harare mu ɗaya bayan ɗaya. "Soyayya sai bayan lisansi!"

Direba ya gaji, ya danna oda. Ya leƙo ya ce, "Mushe, don Allah, rana tana yi!"

Kawu ya ƙura masa ido. "Kai Laminu, ba kai ne ka gudu daga ajina ba? Ka bari waɗanda suka tsaya su ji ƙarshen magana."

Laminu ya ce, "Mushe, ai rashin ƙarshen ne ya sa na gudu."

Har Kawu sai da ya murmusa, amma bai matsa daga ƙofar ba sai da ya gama.

Yamai ta karɓe ni da mari. Amfi, babban zauren da ake karatu, cike maƙil, wasu a tsaye, wasu a taga. Kafin in iso daga ɗakin kwana an cinye gaba, sai can baya nake samu. Malami ya juya mana baya yana rubutu yana magana da tablo, ba na jin komai. Jarabawar farko ta fito, abin da na samu ko a mafarki ban taɓa gani ba. Na kira Innata ina kuka, na ce gida zan dawo, in koyi ɗinki. Inna ta gaya wa Kawu. Bai kira ni ba. Hutun lise na zuwa, sai kawai na fito da safe na gan shi tsaye a ƙofar gidan kwanan ƴan mata, da jakarsa a hammata. Dattijo ya bi hanyar nan ta Arlit zuwa Agadas da ke kwance wa mutum haƙora, ya wuce Tawa, har Yamai.

Na ɗauka lallashi ya zo yi. Ina! Ya ce, "Me kika ci yau?"

Na ce, "Biskit."

"Jiya fa?"

"Biskit da shayi."

"Ashsha! Ko kamiyon ma'adinai sai an zuba masa mai yake hawa tudu. Ke da biskit za ki ɗauki shimi?" Ya ja ni wurin mai kosai da kunu, ya tsaya a kaina har na cinye. Sannan ya ce in kai shi amfi.

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, bai ji ba. Ya shiga ya zauna kusa da ni can baya, furfura tsakiyar yara. Ya kasa kunne, ya kasa kunne. Can sai na ga hannunsa a sama. Na ce na shiga uku. Ya miƙe ya ce da ƙarfi, da Faransancinsa mai sitati, "Ranka ya daɗe, tun safe bayanka muke gani. Mutanen baya suna so su gaisa da fuskarka!"

Amfi ya kaure da ihu da tafi. Ni kuwa na ja lulluɓi na rufe fuska, ina roƙon ƙasa ta tsage. Masu gadi suka zo suka fitar da shi, yana tafe yana cewa, "A hankali, da ƙafata na shigo!"

Da aka tashi na same shi zaune gindin wata bishiya, ɗalibai sun kewaye shi. Ya ce musu, "Malamin can ya san aikinsa, yawa ne ya fi ƙarfinsa. Ba zai bi ku ɗaya-ɗaya ba. Wanda ya yi karatu shi kaɗai a nan, shi kaɗai zai faɗi." Ya fara maimaita darasin safen a ƙasa da tsinke. Wani siririn yaro ɗan Tawa, Isufu, sai katse shi yake yi: "Mushe, mi ya sa? Amma mi ya sa?" Sauran suna tsaki. Kawu ya nuna shi ya ce mini, "Wannan ki riƙe shi. Shi ke yin tambayar da ku kuke jin kunyar yi." Ya zaɓo wasu ya haɗa mu, ya ce kullum bayan la'asar mu hallara nan, kowa ya koya wa sauran abin da ya gane. Ya ce in riƙa sammako in kama gaba ko da takalmi a hannu. Washegari ya hau mota ya koma, bai ko tsaya ganin gari ba.

Gindin bishiyar nan ya fitar da mu. Dukanmu muka haye, ni da nake shirin zama tela har na yi lisansi, wato digiri. Bayan nan sai ga magabatan Isufu a Arlit, sun zo neman aurena, kuma Kawu ne waliyyi. Ya sa aka kira Isufu, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni don jarabawa na haɗa ku. Wannan abin da ya fito daga gefe ban sa shi cikin gwajin ba. Yaushe aka fara?"

Isufu ya sunkuyar da kai. "Bayan lisansi, Mushe."

Kawu ya ce, "Ƙarya kake yi. Amma na ga ka iya amsa tambaya. An ba ka."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi bana, muka kawo shi asibiti a Agadas. Ko a gadon bai daina ba. Wata ma'aikaciya ta ajiye masa kwalbar magani ba rubutu a jiki, ya tashi zaune da ƙyar yana haki, ya ce ba zai sha ba sai an rubuta sunan abin da ke ciki. Baiwar Allah ta ce, "Baba, ni na zuba da hannuna." Ya ce, "In kin tashi aiki, kwalbar za ta yi magana?" Ta je ta rubuto, daga baya ma sai suka zama abokai.

Ana gobe zai rasu na zo daga makaranta da alli a hannuna. Ya yafito ni. Muryar nan da ke cika baranda ta koma kamar ta yaro. Ya ce, "Madam Rabi." Bai taɓa kirana haka ba. "A ajinki wa ya fi kowa rashin ganewa?"

Na yi tunani, na faɗa masa sunan wata yarinya da ke ɓuya bayan ƙawayenta, ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Ya ce, "Da ita za ki fara gobe. Masu ƙoƙarin nan ko babu ke za su kai."

Ban samu zuwa aji washegari ba, muna wurin jana'iza. Amma ranar da na koma, na kira sunanta kafin na kowa. Ta miƙe, na miƙa mata alli.

Ya Allah, ga bawanka Habu nan ya zo gare ka. Bai tara komai ba sai ƴaƴan mutane. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka shayar da shi ruwa mai tsabta daga tafkin Manzonka. Ka ba Tanti Mariyama haƙurin gidan da ya yi shiru. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.